RANAR DA GASKIYA TA ƘWANƘWASA ƘOFAR GIDA



Tun muna ajin katikisim aka koya mana Dokoki Goma, muka haddace su a jere kamar ƙirgen yatsu. Doka ta Huɗu ta umarce mu mu girmama mahaifi da mahaifiya. Doka ta Biyar ta hana kisankai. Doka ta Takwas kuwa ta hana shaidar zur. A lokacin ƙuruciya ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wata rana waɗannan dokoki za su iya tsayawa suna kallon juna, har mutum ya ga kamar in ya riƙe ɗaya dole ya saki ɗaya. Amma rayuwa takan kai bawan Allah irin wannan mararraba. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: idan ka gano cewa mahaifin da ya haife ka, ya ci da kai, ya sha da kai, ya kai ka makaranta, ya riƙe hannunka zuwa Misa, shi ne kuma ya zubar da jinin marasa laifi tun kafin a haife ka, mene ne wajibinka? Ka rufa masa asiri, ko ka bar gaskiya ta yi halinta?

Wani fim ne ya sa wannan tambaya ta hana ni sukuni. Sunansa Music Box, wato Akwatin Kiɗa. An fito da shi a Amurka a shekarar 1989. Costa-Gavras ne ya shirya shi, Joe Eszterhas ya rubuta labarin, a shekarar 1990 kuma ya sami babbar lambar yabo ta bikin fina-finai na birnin Balin. Labarin ƙirƙirarre ne, amma ƙasar da aka dasa shi a kanta tarihi ce tabbatacciya.

Labarin a taƙaice

Wani dattijo ne mai suna Mike Laszlo, mutumin ƙasar Hangari, wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zauna a birnin Shikago, ya yi aikin ƙarfi shekara da shekaru, matarsa ta rasu, ya reni 'ya'yansa biyu shi kaɗai. Maƙwabta sun san shi da zuwa coci da son iyali. 'Yarsa Ann ta zama lauya mai suna, tana da ɗa guda, yaron kuwa ba shi da abin ƙauna kamar kakansa.

Kwatsam sai takarda ta zo daga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. Ana zarginsa da cewa ya yi ƙarya sa'ad da yake neman zama ɗan ƙasa, domin a gaskiya shi ne wani da ake kira Mishka, jagoran wata ƙungiyar makasa da ta addabi birnin Budafes a ƙarshen yaƙin. Dattijon ya rantse cewa ba shi ba ne. Ya ce gwamnatin kwaminisanci ta Hangari ce ta ƙulla masa sharri saboda ya daɗe yana adawa da ita. Ya roƙi 'yarsa ta tsaya masa a gaban alƙali. Ita kuwa, da yake ba ta taɓa ganin wani mugun abu a wurin mahaifinta ba, ta karɓi aikin da zuciya ɗaya.

Aka shiga kotu. Lauyan gwamnati ya kawo katin shaida mai ɗauke da suna da hoton dattijon tun yana saurayi. Ya kawo tsofaffi maza da mata waɗanda suka tsira da ƙyar, kowanne ya faɗi abin da idonsa ya gani: yadda aka harbe uwa da ɗanta, yadda aka ci zarafin budurwa, yadda aka kora mutane zuwa bakin kogi cikin tsananin sanyi. Ɗaya bayan ɗaya suka nuna dattijon da yatsa. Ann kuwa ta yi aikinta da gwaninta. Ta nuna cewa shekaru sun yi nisa kuma ido yakan manta. Ta kawo mai shaida cewa hukumomin leƙen asiri na ƙasashen kwaminisanci sun iya ƙirƙiro takardun jabu. Daga bisani shari'ar ta kai su Budafes domin sauraron wani mashaidi da ke kwance a asibiti, a can kuma Ann ta fito da takardun da suka nuna cewa mutumin ya taɓa nuna waɗansu mutane daban yana cewa su ne Mishka. Alƙali ya kori ƙarar. 'Ya ta ceci mahaifinta.

Sai dai akwai wani abu da ya tsaya mata a rai. A cikin lissafin kuɗin mahaifinta ta ga ya daɗe yana biyan wani ɗan ƙasarsu mai suna Tibor kuɗi masu yawa, mutumin kuwa daga baya mota ta buge shi ya mutu, direban ya gudu. Kafin ta bar Budafes ta ziyarci 'yar'uwar Tibor. Matar ta ba ta wata takardar jingina da aka samu cikin kayan mamacin. Da Ann ta koma Shikago ta je shagon jingina ta fanshi kayan, sai ga wani ɗan akwatin kiɗa, irin wanda ake murɗawa ya yi ta kaɗa waƙa mai daɗi. Tana murɗawa, kiɗa na tashi, sai hotuna suka fara fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ga mahaifinta cikin kayan sarki, saurayi ƙaƙƙarfa, yana aikata dukan abin da shaidun nan suka faɗa.

Ta tunkare shi. Ko a nan bai amsa ba, ya ce ba wanda zai yarda da ita. Daga nan ta zauna ta rubuta wasiƙa, ta haɗa da hotunan, ta aika wa lauyan gwamnatin da ta kayar a kotu. Fim ɗin ya ƙare labarin ya fito a jarida, tana zaune tare da ɗanta, domin yanzu ita ce za ta faɗa wa yaron wane ne kakansa.

Abin da ya faru a bakin kogi

Kada wani ya ce ai wasan kwaikwayo ne kawai. A ranar 19 ga Maris, 1944, sojojin Jamus na Hitila suka mamaye Hangari. Daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Yuli na wannan shekara, cikin makonni 8 kacal, aka kwashe Yahudawa wajen 437,000 a jiragen ƙasa, tare da taimakon jami'an tsaron Hangari kansu. Akasarinsu sansanin Aushwiz aka kai su, mafi yawa kuma ba su daɗe da isa ba aka kashe su. A watan Oktoba na 1944 Jamusawa suka ɗora wata jam'iyya a kan mulki ƙarƙashin Ferenc Szálasi. Alamar jam'iyyar gicciye ce mai tsinin kibiya a kowane gefe, da ita kuma ake kiranta, Gicciyen Kibiya. Daga lokacin har sojojin Tarayyar Sobiyat suka gama karɓe birnin a watan Fabrairu na 1945, 'yan wannan jam'iyya sun kashe dubban mutane a Budafes. Sukan jera su a gaɓar kogin Danub, su sa su tuɓe takalma domin takalmi yana da daraja a lokacin yaƙi, sa'an nan su harbe su ruwa ya tafi da gawa. A shekarar 2005 aka kafa abin tunawa a wurin: takalman ƙarfe ƙafa 60, na maza da na mata da na yara, a jere a bakin ruwa.

Mu Katolika ba za mu karanta wannan tarihi kamar labarin waɗansu baƙi ba, gama yawancin mutanen Hangari masu baftisma ne. A cikin makasan akwai wani firist mai suna András Kun, wanda yake yawo da rigar firist da bindiga a ƙugu, yana jagorantar kai hari har a asibitocin Yahudawa. An rataye shi a 1945 bayan shari'a. A wannan birni kuma, a wannan lokaci, akwai Sista Sára Salkaházi, wadda ta ɓoye Yahudawa kusan 100 a gidajen da take kula da su. A ranar 27 ga Disamba, 1944, aka kama ta tare da wata malamar katikisim da waɗansu daga cikin waɗanda ta ɓoye, aka harbe su a bakin Danub. Ba a ga gawarta ba. Sai a 1967, wajen shari'ar waɗansu tsofaffin 'yan jam'iyyar, aka ji yadda ta mutu, har da cewa ta yi alamar gicciye kafin harsashi ya same ta. Ekklesiya ta ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka a 2006. Ga firist, ga sista, bangaskiya ɗaya suke furtawa, gicciye ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya zaɓa ya yi da hannunsa.

Wane ne mutum?

Kotun da ke cikin fim ɗin tambaya guda take bi: shin wannan dattijo shi ne wancan saurayi? Ta nemi amsa a kan kati da hoto da tabon fuska da tunanin tsofaffi. Amma Ann tana da wata hujja da ta fi ƙarfi a zuciyarta, hujjar da kowannenmu zai iya kawowa: na san ubana. Mutumin da ya goya ni, ya yi mini addu'a, ba zai aikata haka ba.

Abin da ya sa labarin yake da ɗaci shi ne, hujjarta ba ƙarya ba ce. Da gaske dattijon ya ƙaunaci 'ya'yansa. Da gaske ya yi wahala dominsu. Kuskurenta kawai shi ne zaton cewa wanda ya iya ƙauna ba zai iya mugunta ba. Muna so mugu ya zo mana da ƙaho da wutsiya domin mu gane shi tun daga nesa. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi mana wannan alkawari ba. Dawuda da ya raira zabura shi ne ya shirya mutuwar Uriya. Bitrus da ya rantse zai mutu tare da Ubangijinsa shi ne ya yi musunsa sau uku kafin gari ya waye. Zuciya ɗaya tana iya ɗaukar duka biyu, kamar yadda akwati ɗaya ya ɗauki kiɗa mai daɗi da hotunan kisa.

Waɗansu masana sukan ce, ai mutum yana sākewa. Jikin ɗan shekara 70 ba shi ne na ɗan shekara 25 ba, tunaninsa ma ya sauya, to, don me za a kama tsoho da laifin saurayi? Maganar tana da daɗin ji, amma mu gwada ta da abin da muka sani. Idan mutum ya ci bashi yana saurayi, furfura ba ta biya masa. Idan ya yi alkawarin aure a gaban bagade, ba ya cewa bayan shekara 40 wani ne daban ya yi alkawarin. Dattijon nan kansa yana karɓar godiyar 'ya'yansa saboda wahalar da ya sha tun yana matashi. Wanda ya yarda cewa alherin jiya nasa ne, ba shi da bakin cewa muguntar jiya ta wani ce. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Kwikwiyon nan yana iya ƙetare teku, ba ya kuma bukatar fasfo.

Akwai hanya ɗaya tak da mutum yake zama sabo a gaban Allah, ita ce tuba. Tuba kuwa ba ta fara aiki sai mutum ya buɗe baki ya ce, ni ne. Da annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda ya nuna masa cewa shi ne mai laifin, sarkin bai kira lauya ba, bai ce maƙiya ne suka ƙulla masa ba. Ya amsa. Dattijon fim ɗin ya sāke ƙasa, ya sāke harshe, ya sāke sana'a, amma ya ƙi faɗin wannan 'yar gajeriyar kalma. Saboda haka duk shekarun nan Mishka bai mutu ba. Yana nan zaune a falo yana wasa da jikansa.

Shaida ma tana kuskure

Kafin mu yi saurin yanke hukunci, adalci ya wajabta mu dubi ɗaya gefen. Shin Ann ta yi zunubi da ta kāre mahaifinta a kotu? A ganina ba ta yi ba. A lokacin ba ta san gaskiya ba, kuma kowane wanda ake zargi, komai munin zargin, yana da hakkin a saurare shi. Tarihi ya nuna dalili.

A birnin Shikago ɗin nan, a 1978, wata kotu ta ƙwace wa wani ma'aikaci ɗan asalin Folan mai suna Frank Walus takardar zama ɗan ƙasa, bayan shaidu fiye da 10 sun rantse cewa sun gan shi yana kashe Yahudawa. Daga baya takardu suka nuna cewa a lokacin yaƙin yana aikin tilas ne a gonakin Jamus. A 1980 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, gwamnati kuma ta janye ƙarar. Shaidun ba maƙaryata ba ne. Sun ga abin da suka gani, sai dai sun ɗora shi a kan fuskar da ba ita ba.

Shari'ar John Demjanjuk ta fi wannan sarƙaƙiya. Shi ɗan asalin Yukren ne, ma'aikacin kamfanin motoci a Amurka. A 1986 aka miƙa shi ga Isra'ila, a 1988 aka yanke masa hukuncin kisa bisa cewa shi ne wani azzalumin mai gadi na sansanin Tireblinka. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat aka sami takardun da suka nuna cewa wani mutum ne daban, sai Kotun Ƙoli ta Isra'ila ta sake shi a 1993. Ku dubi wannan da kyau: alƙalan ƙasar da aka kashe wa miliyoyin 'yan'uwa ne suka saki wanda ake zargi, domin shakka ta shiga. Amma maganar ba ta ƙare nan ba. A 2011 wata kotu a birnin Munik na Jamus ta same shi da laifin taimakawa wajen kashe mutane fiye da 28,000 a wani sansani daban, Sobibor. Ya mutu a 2012 kafin a saurari ƙarar da ya ɗaukaka.

Darasin a bayyane yake. Zafin laifi ba hujja ba ne a kan wanda ake tuhuma. Doka ta Takwas tana tsare wanda aka kashe daga mantuwa, tana kuma tsare mai rai daga ƙazafi. Saboda haka tambayarmu ba ta shafi jita-jita ko zato ko ƙiyayyar maƙwabta ba. Ta shafi ranar da shakka ta ƙare, ranar da hoto yake a tafin hannunka.

Mayafin Nuhu da jinin Habila

A al'adarmu rufin asiri babban abu ne. Muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, muna kuma ganin ɗan da ya tona asirin ubansa a matsayin wanda ya yi asarar albarka. Mukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Littafin Farawa ma ya ba mu labarin Nuhu, sa'ad da ya sha ruwan inabi ya kwanta tsirara, 'ya'yansa biyu suka ɗauki mayafi suka tafi da baya da baya suka rufe shi, suka sami albarka, wanda ya je yana ba da labari kuwa bai ji da daɗi ba. To, me ya hana Ann ta ɗauki mayafi ta rufe mahaifinta? Wa zai sani? Waɗanda suka mutu ba za su dawo ba. Dattijon ya kusa kabari. Yaron kuma zai girma da kyakkyawan tunanin kakansa.

Amsar tana cikin littafin nan na Farawa, surori kaɗan kafin labarin Nuhu. Da Kayinu ya kashe Habila a saura inda ba mai gani, ya yi musu a gaban Allah, amma jinin ɗan'uwansa ya yi kuka daga ƙasa, Allah kuwa ya ji. Abin da ya sami Nuhu abin kunya ne, kansa kaɗai ya shafa, mayafi ya isa ya rufe shi. Abin da Kayinu ya yi kuwa hakkin wani ne. Mayafin da ya rufe kunyar mahaifi alheri ne. Mayafin da ya rufe jini kuwa, gawa yake rufewa tare da mai kisan, ya hana mamacin ko da a ambaci yadda ya mutu.

Ku tuna da tsofaffin nan da suka tsaya a gaban alƙali. Sun buɗe ciwon da suka ɓoye shekara 40, a gaban jama'a, sa'an nan aka sallame su a matsayin masu ruɗu ko 'yan koren kwaminisanci. Ann ce da kanta ta yi musu haka, cikin rashin sani. Daga ranar da ta ga hotunan, shirunta ya daina zama shiru kawai. Ya zama ci gaba da wannan shaida, wadda yanzu ta san zur ce. Asirin ba nata ba ne balle ta yafe shi. Na waɗanda aka jefa a kogi ne, da waɗanda aka ƙaryata a kotu.

Wani zai ce, to, ai Fada ma yakan ji manyan laifuffuka a wurin furta zunubi, kuma ko za a kashe shi ba zai faɗa ba. Gaskiya ne, wannan hatimi ba ya karyuwa. Amma can mai zunubi ne ya zo da ƙafarsa ya durƙusa ya amsa laifinsa a gaban Allah. Nan kuwa babu wanda ya furta kome. Dattijon bai ba 'yarsa amanar gaskiya ba, ƙarya ya ba ta, ya kuma mai da ƙaunarta garkuwa. Shi ne ya fara karya abin da ke tsakaninsu.

Girmama iyaye kuwa bai taɓa nufin taya su zunubi ba. Yonatan ɗan Saul ya ƙi taya mahaifinsa farautar Dawuda, ya faɗa masa gaskiya a fuskarsa har ya kusa rasa ransa, duk da haka bai gudu ya bar shi ba, a gefensa ya mutu a filin daga. Idan mun gaskata cewa akwai shari'a bayan wannan rai, to, ɗan da ya taimaki ubansa ya shiga kabari da ƙarya a bakinsa bai yi masa gata ba. Kunyar duniya, komai zafinta, ba ta kai wancan tsayuwa ba.

Gafara fa?

Na san akwai mai cewa a ransa: ina jinƙai a cikin wannan magana? Ashe, ba gafara aka aiko mu mu yi shela ba? Haka ne. Ba zunubin da ya fi ƙarfin jinƙan Allah, har da na bakin Danub. Amma gafara da mantuwa ba abu ɗaya ba ne, haka kuma gafara da musu. Ba a wanke rigar da mai ita ya rantse cewa fara ce tas. Zakka mai karɓar haraji, ranar da ceto ya shiga gidansa, ya tashi ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta ninki huɗu. Ɓarawon da ya sami alkawarin Firdausi a kan gicciye ya fara ne da amsa cewa hukuncinsa daidai ne. Sa'an nan mu lura, ba Ann aka harba ba. Tana iya yafe ƙaryar da aka yi mata, amma ba ta da iko ta yafe a madadin matattu.

Ekklesiya kanta ta bi wannan hanya, ko da yake ta ɗauki lokaci. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta yi tir da ƙiyayya ga Yahudawa, ta kuma ƙi koyarwar da take ɗora musu duka alhakin mutuwar Kristi. A watan Maris na 2000 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tsaya a Bangon Yamma a Urushalima, ya sa takardar addu'ar neman gafara a tsakanin duwatsun. Da rufe laifin na gida shi ne girmamawa, da bai yi haka ba.

A nan ne kuma nake da 'yar magana da ƙarshen fim ɗin. Ann ta gaya wa mahaifinta cewa ba ta son ta ƙara ganinsa. Ba na ganin laifinta a wannan sa'a, gama raunin sabo ne. Amma Doka ta Huɗu ba ta mutu ba ranar da ta aika wasiƙar. Har yanzu ubanta ne. In aka tsare shi, ziyarar ɗaurarre aikin jinƙai ne. In ya yi ciwo, akwai jinya. Ko bai tuba ba, akwai addu'a. Abin al'ajabi, bayan fitowar fim ɗin, marubucinsa Joe Eszterhas ya gano cewa hukuma tana binciken mahaifinsa na cikinsa saboda rubuce-rubucen ƙin Yahudawa da ya yi a Hangari a zamanin yaƙin. Ya yanke hulɗa da tsohon, har ya rasu ba su shirya ba. Wannan ya nuna mana cewa faɗin gaskiya rabin aikin ne. Sauran rabin, wato riƙe ƙauna bayan an faɗi gaskiyar, shi ne ya fi wuya.

Abin da ya rage mana

Saura yaron. Zai je makaranta da sunan da ya fito a jarida. Annabi Ezekiyel, a sura ta 18, ya koyar cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa, kowa da nasa kayan. Ya kamata mu riƙe wannan da kyau, mu da muke saurin cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jikan mai kisa ba mai kisa ba ne. Ba a gādon laifi. Abin da ake gāda shi ne ƙarya, in an bar ta ta zauna a gida, gama yaron da aka rena da cewa kakansa tsarkakakke ne, shaidun kuwa maƙaryata, zai girma yana ƙin mutanen da bai taɓa gani ba. Wasiƙar da uwarsa ta aika ta karya masa zuciya, amma ta raba shi da wannan gādo.

'Yan'uwa, ƙalilan ne a cikinmu za su taɓa riƙe hoto irin wanda Ann ta riƙe, Allah kuma ya kiyashe mu. Amma garuruwanmu ma sun ga ranakun tarzoma, inda maƙwabci ya tasar wa maƙwabci. Bayan ƙura ta lafa, waɗanda suka ɗauki adda da galan ɗin fetur ba sama suka tashi ba. Gida suka koma, aka zuba musu tuwo, waɗansu suka tafi masallaci, waɗansu suka zo coci. Kowane ɓangare ya haddace sunayen matattunsa, ba ya kuwa tuna ko ɗaya daga cikin makasansa. Muddin muna ganin laifi sai a gidan wani, jini zai ci gaba da kuka.

Ban ce kowa ya zama ɗan sandan gidansu ba, ban kuma ce a ɗauki zato a kai kasuwa ba. Wanda yake ɗauke da irin wannan nauyi ya fara da addu'a, ya nemi shawarar Fada ko wani dattijo mai tsoron Allah, ya tabbatar da abin da ya sani, ya kuma fara tunkarar mai laifin shi kaɗai, ya ba shi zarafi ya amsa da bakinsa, kamar yadda Ann ta yi. Wanda kuma shi ne mai akwatin, wanda ya san abin da ya ɓoye a ƙarƙashin kiɗa mai daɗi, kada ya jira 'ya'yansa su murɗa shi bayan ransa. Ƙofar tuba a buɗe take tun yau.

Allah ya ba mu zuciyar da za ta ƙaunaci namu ba tare da ta ƙaryata na wani ba. Ya ji ƙan waɗanda ruwan Danub ya tafi da su, da dukan waɗanda aka kashe ba da hakkinsu ba. Amin.